Shekarar da Aka Rushe Soron Inna

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye shi. Na san abin da aka gaya muku a kan soron Inna. An faɗa a wajen suna, an faɗa a wajen zaman makoki, har ɗaya daga cikinku ya taɓa tambayata yana dariya, wai da gaske ne na je ƙasar Larabawa na dawo da wata fitila, na haska ɗakin mahaifiyata na ce a rushe? To, da gaske ne. Sai dai wanda ya ba ku labarin ya yanke kai ya yanke ƙafa, ya miƙo muku tsakiya. Ni zan ba ku shi yadda yake, in kun gama karantawa kowa ya yanke hukuncinsa. Ba wanke kaina na zo yi ba.

Waɗanda suka san gidanmu na Zakka kafin a taɓa shi sun san ɗaki ɗaya ne a cikinsa da ake nuna wa baƙo. Kakana ne ya sa aka gina shi, da tubali da azara, rufinsa ɗaurin guga, kaurin bangonsa kuwa ya isa mutum ya kwanta a kai ya yi barci. Nan aka kai Inna tana amarya, nan ta haife mu, ni da Yaya Lawal da ƙannenmu mata, nan kuma ta ci gaba da zama bayan rasuwar mahaifinmu. A bayan soron akwai wani ɗan lungu da aka kewaye da zana, wanda ba namijin da ke leƙa shi. Wurin wankan jego ke nan. Murhu na jingine da bangon, an ɗora masa rabin ganga, ga wani faffaɗan dutse da mai jego ke zama a kai, ga magudanar ruwa tana bin gindin bango har ta fita waje. Duk 'yar da aka haifa a gidanmu, in ta yi haihuwar fari, gida take dawowa Inna ta yi mata wanka har arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen bedi. Ba 'yan gidanmu kaɗai ba, har na maƙwabta waɗanda ba su da tsohuwa. Wuta ba ta cika mutuwa a murhun nan ba. Saboda haka bangon kullum da ɗuminsa, Inna kuma ta manna gadonta da shi ta ciki, ta ce shi ne maganin gwiwarta.

Ni kuwa safiyo ne, kun sani. Na ƙarar da ƙuruciyata ina jan tef a gonakin mutane, ina shan zagin masu rikicin iyaka, daga baya na koma koyarwa. Furfura ta riga ta cinye mini kai lokacin da makarantarmu ta ce za ta sayi sabuwar na'urar awo mai aiki da hasken leza, kuma sai an tura wani ya koyo yadda ake sarrafa ta. Matasan malamai kowa ya soma gyara fasfo. Aka tura tsoho, don an san tsoho in ya tafi zai dawo. Haka na tsinci kaina a Tunisiya, cikin kufan wasu gidajen wanka da Rumawa suka gina tun kafin zuwan Musulunci, ina bin wani injiniya Balarabe mai gajeren haƙuri, wanda aka ba aikin duba ko ginin zai ƙara ɗaukar masu yawon buɗe ido.

Na'urar ba ta da wani kwarjini. Akwati ce kamar rediyon da, a kan ƙafa uku. In ka kunna ta sai kanta ya riƙa juyawa a hankali, tana harba siririn haske ga duk abin da ke gabanta, hasken ya dawo ya gaya mata nisan wurin da ya taɓa. Ɗigo bayan ɗigo take tarawa, har su yi yawan da in ka buɗe kwamfuta sai ka ga ginin tsaye a gabanka, da kowace lotsawa da kowane kumburi. Amma amfaninta na gaske sai an yi awo sau biyu. Ka auna yanzu, ka bar lokaci ya wuce, ka sake aunawa, ka ɗora wannan a kan wancan. Inda gini bai motsa ba sai ya fito kore. Inda ya motsa ya fito ja.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba na'urar ba ce, mutanen ne. Ashe an yi waɗanda suka fi matanmu son ruwan zafi. Sun yi ɗakin sanyi, sun yi na ɗumi, sun yi na zafi. Ƙarƙashin daɓen ɗakin zafin rami ne, an tokare shi da wasu gajerun ginshiƙai, wuta na ci a gefe, zafinta na bi ta ƙasa ya hau ta cikin bango. Muka auna komai, muka ɗora a kan awon waɗanda suka zo kafin mu. Ɗakunan sanyin, duk da munin tsagewarsu, suna nan daram. Jan duk ya taru ne a ɓangaren zafi, a gindin bango, inda wuta da ruwa suka daɗe suna karɓa-karɓa har tubalin ya ƙone ya yi laushi, yanzu shi ke fara shan damshi. Wurin da ya fi ja kuwa shi ya fi kyau a ido, don wasu masu gyara sun taɓa bi sun shafe shi sumul. Injiniyan ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya ce mana:

"Wanda tsagarsa ke fili bai dame ni ba, kowa na ganinsa, kowa na kauce masa. Irin wannan da aka gyara wa fuska shi nake tsoro."

Ina tsugune cikin ramin, hannuna a kan baƙin wutar da ta mutu shekaru aru-aru. Sauran waɗanda muka zo koyon tare na ta ɗaukar hoto. Ni gadon Inna nake gani.

Ku da kuka tashi a gidan bulo ba ku san yaɓe ba, dole in tsaya in gaya muku. Kowace shekara in an gama kai amfanin gona gida, sai a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi bango a shafe duk abin da damina ta ci. A gidanmu wannan ya wuce gyara, mutunci ne. Gidan da aka ga tsaga a bangonsa an san mazan cikinsa sun gaza. Yaya Lawal, wanda shi ya zauna a gida ya riƙe gona da shanu ni na tafi boko, bai taɓa barin tsaga ta ga rana biyu a soron Inna ba. Da ta buɗe baki zai toshe ta. Mahaifinmu ma haka ya yi. Saboda haka ba wani mai rai da ya taɓa ganin ainihin bangon da kakanmu ya gina. Abin da muke gani riguna ne, riga kan riga, kullum yana ƙara ƙiba muna cewa lafiya ce.

Da na dawo na'urar makaranta ta iso, na nemi izini na ɗauko ta cikin bazara, kafin ruwan farko. Na yi cajin baturanta a Safana, don a lokacin ba mu da inda za mu jona, na kafa ta a tsakar gida. Inna na zaune a kan kujera tana tsince gero, ta bi ni da kallo har na gama ɗaure-ɗaurena.

"Wannan kau mi ne ne, Sada? Hoto za ka ɗauke ni?"

"Ba ke ba, Inna. Ɗakin."

"Ɗakin mi ya yi maka?"

"Lafiyarshi zan duba."

"Shi ya ce maka bai da lafiya? Ni da ke fama da gwiwa ba ka zo mani da komi ba, sai ɗaki ka kawo ma likita."

Haka muke da ita. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, kunya ce tsakaninsu. Ni na zo na biyu, duk tsokanar da ta tara a kaina ta ƙare, ni ma ba na raga mata. Rannan sai da na sha ba'a kafin ta yarda a ɗaga mini zanan lungun wanka, ta kuma tsaya a bakin wurin tana gadi kamar zan saci dutsen. Na kafa alamomi a bakin rijiya da jikin wani falalen dutse da ke bayan gida, wuraren da na san ba za su motsa ba, na auna soron ciki da waje. A gindin bangon, bayan murhu, na ga wani farin abu kamar kanwa yana tsatsafowa. Na ƙwanƙwasa, na ji sautin bai yi mini daɗi ba. Ban ce komai ba, don awo ɗaya ba ya magana.

A wannan shekarar ce Ummi take da cikin fari. Ummi ita ce babbar 'yata, ta ci sunan Inna. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, Inna ce ta ɗauke ta, a soron nan ta girma, a kan gadon nan take kwana har ranar da aka kai ta ɗakin mijinta a Batsari. In Inna na maganarta ba ta cewa jikata, sai takwarata. Tun da aka gane cikin, ba ta da wani zance sai wankan. Ta sa aka sake zana, aka sayo sabuwar ganga, ta tanadi kanwa ta kunu. Kafin a gama yankan gero mijin Ummi ya turo itacen wanka a-kori-kura guda, aka jibge shi a bakin lungun ya yi tudu. Duk wanda ya shigo gaida ta sai ta nuna masa itacen.

Da ruwa ya ɗauke na dawo da na'urar, na kafa ta a wuraren da na kafa da farko, na sake aunawa. Da hantsi na zauna a zaure na ɗora awon biyu. Bango uku suka fito kore shar. Na huɗun, na bayan murhu, ya fito da jan ciki tun daga ƙasa har kusan ƙirjin mutum. A damina ɗaya ya turo waje kusan faɗin yatsu biyu. Ta ciki kuma, daidai saman gadon, kawunan azara sun soma zamewa daga mazauninsu. Na rufe kwamfutar na fita na yi alwala. Na dawo na sake lissafin daga farko, ina roƙon Allah ya sa ni na yi kuskure. A duk shekarun aikina ban taɓa son a kama ni da kuskure ba sai ranar. Jan bai gusa ba.

Na fara da Yaya, don shi ne maigida. Na same shi a bakin rumbu yana ɗaure dami.

"Yaya, bangon bayan ɗakin Inna tafiya shike."

"Ina za shi?"

"Waje. Gindinshi ya ruɓe. Wuta da ruwan wanka sun cinye shi."

Ya ajiye igiyar ya dube ni.

"Sada, ni ke yaɓa bangon nan tun ina ɗauko ma Baba ƙasa a ƙwarya. Zo ka nuna mani tsaga guda."

"Babu tsaga, Yaya. Ai kai ka rufe ta."

Ban yi nufin zagi ba, amma zagi ya ji, kuma ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi shekaru yana wa bango hidima, ƙaninsa ya zo daga birni da akwati ya ce hidimar ce ta ɓoye ciwon. Ya ce to bana zai ƙara masa kauri. Na ce nauyi zai ƙara masa. Ya ce a tokare da azara. Na ce tokara za ta riƙe shi da rani, amma ba na rantsuwa a kanta in ruwa ya sauka. Ya ce a ɗauke murhun. Na ce da shekara ashirin baya aka ɗauke da ya yi amfani. Kada ku zaci ban nemi hanyar tsirar da ɗakin ba. Na nema. Amma ɗaurin guga ba ya yarda a zare masa bango ɗaya, in ka taɓa wannan rufin duka zai biyo. Na yi cigiyar maginan da suka iya irin wannan ɗaurin har garin Babban Duhu, aka ce tsofaffin sun rasu, 'ya'yansu bulo suke yi.

Sai na ɗauki kwamfutar na kai wa Inna. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, na nuna mata ɗakinta yana juyawa. Ta yi dariya da ta ga jeren tasoshinta sun fito, har da butarta. Da na nuna mata jan, ta matso da fuska ta daɗe tana kallo.

"Wanga jan, kai ka shafa shi?"

"Ba ni ba ne, Inna. Inda ya motsa ke nan."

Ta juya ta dafa bangon da tafin hannu, kamar mai jin zazzaɓin yaro.

"Ni ban ji ya motsa ba. Kuma ni ke kwana da shi."

"Ki koma ɗakin da ke kusa da na Yaya, ko na wata biyu ne."

"Nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni. In kwana ya ƙare, ko a fili kake sai ka tafi."

Na ce haka ne, amma an hore mu da kiyaye kai. Ta ce to in kiyaye nawa. Na roƙe ta ko gadon ne a matsar. Ta bari aka matsar don in ƙyale ta, washegari na shigo na tarar ya koma inda yake. Na turo ƙannena mata, ta kore su. Na turo liman, ta ba shi fura ya sha, suka yi hirar mutanen da, ya fito yana ce mini tsohuwa a bi ta a hankali.

Ni kuwa ba ni da hankalin da zan bi ta da shi, don cikin Ummi ya tsufa. Duk lokacin da na wuce tudun itacen nan sai in hango abin da ke tafe. Wuta safe da yamma har arba'in a jikin bangon da ya riga ya kumbura, ruwa ganga-ganga a gindinsa, 'yata zaune a ƙarƙashinsa ta waje, jariri da mahaifiyata kwance a ƙarƙashinsa ta ciki. Na duba na ga abu ɗaya ne a hannuna. A al'ada uba ne ke cewa ga inda 'yarsa za ta yi wanka. Na san inda maganar za ta soki Inna, kuma don ta soke ta na faɗe ta. Ba cikin fushi na yi ba. Na yi sallar la'asar, na shiga na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce:

"Inna, muddin soron nan na tsaye, Ummi ba za ta zo wanka gidan nan ba. Katsina zan kai ta."

Tana jan carbi, ta tsaya.

"Sake faɗi."

Na sake faɗa, ban rage ko harafi ba.

"Ni na goya ta. Ni na yi mata kitson farko. Ni na raka ta har bakin ƙofar mijinta. Ɗiyan maƙwabta na wanke, yau takwarata za a kai ma wata ta wanke, ina raye, a ce mi ya same ni?"

"A ce ɗanki ne ya hana."

"Tashi ka ba ni wuri."

Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta cika gari. Wasu suka ce boko ya hau mini kai. Wasu suka ce filin nake so in yi gini. Wani tsohon abokin mahaifinmu ya tare ni a bakin masallaci ya ce shi dai bai taɓa jin ɗan da ya yi wa uwarsa sharaɗi ya ga da kyau ba. Wannan ta shige ni, har yau ina jin ta. Na hau babur na tafi Batsari, don kada Ummi ta ji daga bakin wani. Ashe ta riga ta ji. Na tarar da ita zaune a tabarma ƙafafu sun kumbura, idanu ma haka.

"Baba, ka sa ni a tsakiya."

"Na sa ki."

"In ta ƙi fa? Ka san Inna."

"Sai ki yi wankanki a Katsina, ki yi fushi da ni kina da rai."

Ta ce ita ba ta son hannun kowa a jikinta sai na Inna. Na ce na sani. Na fito na bar ta tana kuka, mijinta ya rako ni bakin hanya, yaron kirki, shi ma itacensa na can a jibge.

Na koma bakin aiki. In na bugo waya a kai wa Inna, sai ta ce lafiya lau, ta miƙa wa mai wayar. Ban san ranar da za ta sauko ba, ban ma san ko za ta sauko ba, kuma na riga na sa an gyara ɗaki a gidana na Katsina. Ana nan sai Yaya ya bugo da kansa, abin da ba ya yi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ta ce ka zo da masu diga."

Na iso da safe na tarar an fitar da kayanta tsakar gida. Gadon, tasoshin, akwatin ƙarfe, tabarmi, duk abin da ban taɓa gani a hasken rana ba, ya yi wani irin ƙanƙanta. Ita kuma tana zaune a gindin bedi, ta yi lulluɓi kamar mai zuwa unguwa. Mata sun cika bakin ɗakuna. Leburorin suka tofa yawu a hannu za su fara, sai ta ɗaga sandarta.

"Ba su za su fara ba. Sada, kai ka ga ciwon, kai za ka fara sara."

Na cire babbar riga na karɓi digar. Hannuna ya daɗe da manta irin wannan aikin. Na zagaya bayan soron, inda aka riga aka kwashe zana da murhu, na yi bisimilla na sara. Yaɓen ya ɓantalo falle guda. Na sake sarawa, wani fallen ya biyo. Kowanne da launinsa, wani ja, wani fari-fari, wani ciyawar cikinsa ko ruɓewa ba ta yi ba. Yaya na tsaye a gefena, ba da ni yake magana ba, amma ina jin yana cewa wannan nasa ne, wannan ma nasa ne, wannan na Baba ne. Can sai digar ta shige ba tare da ƙara ba, har na kusa kifawa. Bayan rigunan babu bango. Baƙar ƙasa ce jiƙaƙƙiya mai wari, tana zubowa da kanta. Yaya ya tsugunna ya zura hannu, ya shige har gwiwar hannu. Ya zaro ya dubi abin da ya damƙo, ya goge a jikin wandonsa, ya karɓi digar daga hannuna ya ci gaba da sara. Tun daga ranar bai sake tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar masa ba.

Na zagayo na ce wa Inna ta zo ta gani da idonta.

"Na ga abin da zan gani," in ji ta. Ba ta tashi ba.

Gaskiya ta sa in ƙara muku wannan. Sauran bango ukun sun ba leburori wuya ƙwarai, diga na tashi a kansu kamar dutse, masu wucewa na tsayawa suna cewa ga ginin da aka ce zai faɗi. Kuma in kun tambaye ni yaushe zai faɗi, ban sani ba. Wataƙila cikin wankan, wataƙila damina mai zuwa, wataƙila ya kai Inna har kabarinta yana tsaye. Na'ura ta ce yana tafiya, ba ta ce ga ranar isarsa ba. Ni ne na ce ba zan jira in gani ba.

Muka yi mata ɗakin bulo da kwano a wurin, da taga biyu da silin. Wurin wankan kuma na sa aka matsar da shi nesa da kowane bango, aka yi masa daɓen siminti da magudana ta kirki. Fenti bai gama bushewa ba Ummi ta sauka, namiji, aka kawo ta gida. Inna ta yi mata wankan nan cif, ba ta tsallake safiya ko yamma ɗaya ba, ita ke gwada zafin ruwan da hannunta, ita ke dama kunun, ita ke faɗa in mai jego ta yi raki. Wanda ya gan ta a kwanakin zai ce an mayar mata da shekara goma. Da aka yi arba'in Ummi ta koma Batsari, sai ƙarfin nan ya saki Inna. Sabon ɗakin da rana zafi, da asuba sanyi, bangonsa ba ya riƙe komai. Na kawo mata bargo, na kawo mata man zafi, na sa a riƙa kai mata garwashi a kasko. Ta karɓa ta yi godiya. Godiyar ce ta fi damuna. In an tambaye ta ina take, sai ta ce tana ɗakin Sada. Tana amsa gaisuwata yadda ya kamata, tana sa mini albarka in zan tafi, amma ba ta sake tsokanata ba, ko sau ɗaya. Na sha kawo mata zancen da na san da can sai ta yi mini tatas, sai ta ce to, Allah ya kyauta. Na yi kewar bakin nan nata fiye da yadda zan iya rubuta muku. Awon soron yana nan a ajiye, duk mai so a cikinku ya zo in nuna masa. Ita na yi mata tayi, ta ce ba ta so.

Ba ta ga kakar da ta biyo ba, Allah ya jiƙanta. Cikin damina ciwon ya kwantar da ita. Wata rana bayan azahar ana yayyafi, kwanon rufin na ta ƙara, na samu ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Na durƙusa na ce ta yafe mini duk abin da na yi mata tun ina yaro. Ta san laifin da nake nufi. Ta amsa tana kallon silin.

"Yafewa kau na yafe maka, duniya da lahira. Ka tsare mani takwara, na sani."

Ta numfasa, ta juyo da kai ta dube ni.

"Amma ka sani, Sada, da ka bar ni da ɗakina ya faɗo mani, da ban ji zafinshi kamar yadda na ji naka ba."

Na ce na sani. Ban ce mata na yi nadama ba, don ba zan yi wa mahaifiyata ƙarya tana kan gadon ajali ba. Ta jira, ta ga ba zan faɗa ba. Duk da haka ta laluba ta kamo hannuna, ta riƙe har aka kira la'asar.